Kulocin Shekara Goma da Kulocin Yamma Ɗaya

Wannan karon mun ajiye zancen adabi da na siyasa, za mu shiga ƙarƙashin mota. Wanda ya ga kamar maganar ba tasa ba ce don ko keke ba shi da shi, ya daure ya karanta, domin ko bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya taɓa zama a bayan wanda ya riƙe.

Tambaya ce da ake yawan yi a bakin gareji: shin kuloci shekara nawa yake yi kafin ya mutu? Duk bakaniken da aka tambaya, daga Kurfi har Dutsin-Ma, amsarsa ɗaya ce: ya danganta da ƙafar mai shi. Mutane sukan ɗauka zille wa tambaya ne irin na masu sana'a. Mu kuwa muna ganin babu amsar da ta fi wannan gaskiya, kuma a cikinta akwai wata magana da ta shafi garuruwanmu, wadda muka daɗe muna kallo muna kau da kai.

Bari mu fara da abin da ke faruwa idan an taka wannan feda ta hagu. Inji yana juyawa ne kullum muddin mota na kunne, tayoyi kuwa wani lokaci a tsaye suke. Dole a sami abin da zai haɗa mai juyawa da na tsaye ba tare da wani ya karya wani ba. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da makanikai ke kira filawil. A gabansa akwai wani faifan da aka lulluɓe fuskokinsa biyu da fata mai kama da ta birki, shi ne kuloci filet. Sai na uku, mai sifirin, wanda aikinsa ya matse filet ɗin a jikin filawil. Idan ƙafa ba ta kan feda, ukun nan a manne suke, suna juyawa kamar abu guda. Idan an taka har ƙasa, sun rabu, babu mai taɓa wani. A waɗannan halaye biyu babu abin da yake ci.

Cin yana faruwa ne a tsakani, a 'yan daƙiƙun nan da ake sakin ƙafa, lokacin da filawil ke gudu shi kuma filet yana ƙoƙarin kamo shi. A nan ne suke gogar juna, gugar ta zama zafi, zafin ya ci fata. Fatar nan kuma ba wata mai yawa ba ce. Abin da aka tanada domin ya cinye kafin kan ƙusoshin da suka riƙe ta ya fito bai wuce 'yan milimitoci ba, kamar kaurin tsinken ashana. Wannan ɗan abin shi ne dukan jarin. Wani ya yi shekara goma yana cin nasa, wani ya cinye shi tsakanin la'asar da magariba.

Masu harkar mota sukan ce kulocin ƙaramar mota, a hannun mai tuƙi da hankali, yana kai kilomita 100,000, wani ma ya ninka hakan. To mu yi lissafi da wannan. Malamin makarantar da ke yin kilomita 20 a rana, a shekara bai wuce 7,300 ba, ke nan zai haura shekara 13 bai sauke giyabos ba. Direban hayar da ke zuwa Katsina daga Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, ya je ya dawo sau biyu a rana, kwana shida a mako, yana dab da kilomita 75,000 a shekara. Nasa ba zai cika shekara ɗaya da rabi ba. Mota iri ɗaya, kaya iri ɗaya, amma wannan 13, wannan ɗaya da 'yan watanni. Shi ya sa ƙirga shi da shekara ba ya kai mutum ko'ina. Ko kilomitan ma ba su ne ainihin ma'auni ba. Motar da ta miƙe hanya a lamba biyar har Kano ba ta taɓa kulocinta ba. Abin ƙirgawa shi ne sau nawa aka tashi daga tsaye, da wane nauyi, da wane irin totur.

A nan ne lissafin yake ba da tsoro. Zafin da kuloci ke sha a wajen tashi yana bin nauyin mota kai tsaye: ka ninka kaya, ka ninka zafi. Amma ba haka yake bin totur ba. Idan aka ninka gudun injin da ake sakin kuloci a kansa, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Idan aka ninka sau uku, sau tara. Dattijon da ke tashi allurar inji na kan juyi 1,500 a minti, da yaron da ke danne totur sai ta kai 4,500 kafin ya fara jan ƙafa, tashi ɗaya na yaron ya ci na dattijon tara. Wannan ma idan fatar ta jure ke nan. Fatar kuloci irin ta motocin gida tana da iyakar zafin da take ɗauka. Da zarar an wuce shi, ɗankon da ya haɗa ta ya fara ƙonewa, fuskarta ta yi sulɓi kamar gilashi, ta daina kamawa sosai. Da ta daina kamawa sai ta ƙara zamewa, zamewar ta ƙara zafi. Daga nan ba tara ba ce kuma, gangara ce. Wannan ƙaurin da muke ji a bayan ayarin biki, mai kama da an ƙona tsumma da roba, fatar kuloci ce take tashi sama.

Mun iso inda za mu. Babu wanda ya girma a yankin nan da bai san wasan mota ba. Da an shafa fatihar ɗaurin aure, ko an ɗauko amarya, ko ranar yawon Sallah, sai abokan ango su sami fili ko kan kwalta, a yi ta zagaye, a ja birkin hannu, ƙura ta turnuƙe, yara na ihu, 'yan mata na ɗauka a waya. Kafin dare an sa a TikTok da kiɗa. Daga birni abin ya taso, amma yanzu da wuya a yi bikin ɗan wani a Birchi ko Tsauri ko Wurma ba a sami wanda ya gwada ba, in ba da mota ba to da babur.

Su yaran suna cewa ai haka ake yi a duniya. Gaskiya ne, ana yi. Salon karkatar da mota a kwana a Jafan ya yi suna, a hannun direbobi irin su Keiichi Tsuchiya, kuma fim ɗin Tokyo Drift na 2006 ya kai shi ɗakin kowane saurayi mai kallon fina-finan waje. Ɗaya daga cikin dabarunsu ma da kulocin ake yinta: a taka shi cikin gudu, inji ya hau, a sake shi farat ɗaya don tayoyin baya su kufce. Sai dai akwai abin da bidiyo ba ya nunawa. Su can kuloci a wurinsu abin ƙarewa ne kamar man fetur, da kuɗinsa a cikin kasafin wasan tun kafin a kunna mota. A tseren gajeren zango na Amurka, inda mafi ƙarfin motocin ke cinye ƙafa 1,000, wato kimanin mita 305, cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, bayan kowane gudu ɗaya sai makanikai sun kwance inji da kuloci sun duba, sun canja abin canjawa, kafin zagaye na gaba. Kuloci na mita 305 ke nan. Kamfanin Nissan da ya fito da motarsa GT-R a 2007 ya sa mata na'urar tashi da ƙarfi daga tsaye. Masu ita suka yi ta gwadawa, giyabos ya fara fashewa, aka shiga jayayya a kan wa zai biya, har kamfanin ya koma ya rage juyin injin da na'urar ke tashi a kansa. Motar da aka ƙera musamman domin gudu ke nan. Su masu irin waɗannan motoci sun san abin da suka saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu fa da me muke wasan? Da Golf 3 da ta ƙare rayuwarta ta farko a Jamus, ta biyo ta Kwatano, ta yi wata rayuwar a hannun mutum uku kafin ta iso mu. Da Peugeot 406 ta baba, da Civic ta yaya, da Corolla ta wani kawu da ya zo daga Abuja ya ajiye mukulli a kan firij. Kuma duk waɗannan da tayoyin gaba suke ja. Wasan da ake kwaikwayo na motoci masu ja da tayoyin baya ne, irin su BMW da Marsandi, ko tsofaffin 504 da 505 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya riƙa harhaɗawa. Mai ja da gaba ba ta juya baya da ƙarfin inji, sai dai a tilasta mata da birkin hannu, sannan a fizge ta da totur da kuloci don ta ci gaba da zagayen. Wato an sa jaki sukuwar doki.

Wani zai ce shi ba ya jan ƙafa, sakinsa yake yi farat ɗaya, don haka ba ya ƙona komai. To, ya rage wa fatar zafi, wannan gaskiya ne. Amma ƙarfin bai ɓace ba, wuri ya canja. Duka ne yake sauka a kan 'yan sifirin da ke tsakiyar filet, ya wuce haƙoran giya, ya bi shaf zuwa taya, ya girgiza robobin da suka riƙe inji. Wanda ya ja ƙafa ya ƙona, wanda ya saki ya karya. Masu otomatik ma kada su yi dariya. Ba su da feda, amma a cikin giyabos ɗinsu akwai faya-fayan kuloci jere a cikin mai, kuma mai ɗaga inji a N ya wurga giya D yana yi musu irin wannan aika-aikar. Gyaran nasu ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Yanzu ga tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami: wa yake biya?

A iya abin da muke gani, da wuya ka sami mai wasa da motar da ya saya da guminsa. Ta aro ce. An ce za a kai amarya, an ce za a ɗauko 'yan uwa daga tasha, mai mota ya ji kunya ya miƙa mukulli. Da can da doki ake wannan hidima, kuma mu Katsinawa ba baƙin doki ba ne, garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa. Amma doki yana da wani abu da mota ba ta da shi: yana kai ƙara. Idan aka dawo da shi jiƙe da gumi, yana kumfa, yana ɗingishi, mai shi ya gani tun daga ƙofar gida, kuma wanda ya ara ya san za a gani. Kuloci ba ya kai ƙara. Yana can ɓoye tsakanin inji da giyabos. A wanke mota, a goge taya, a dawo da ita tana ƙyalli, har a ƙara mata mai na dubu biyu don a nuna an san ya kamata. Mai ita ya yi godiya. Sai bayan mako uku, a wani hawa, da iyali a ciki, ya taka totur inji ya yi kuka mota ta ƙi gaba. Ba zai taɓa danganta abin da bikin ba. Zai ce tsufa ne, ko ya zargi bakaniken da ya yi masa aiki bara.

Wannan cin amana ne, ko da wanda ya yi bai ɗauke shi haka ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya ari abu domin wata buƙata, ya ƙetare ta ya yi abin da ba a ba shi izini ba, to abin da ya lalace yana wuyansa. Kai amarya daban, zagaye a filin makaranta daban. Don ɓarnar ba ta fito fili ba, wannan bai sauke hakkin ba.

Kuma biyan ba ƙarami ba ne a wannan zamani. Canja kuloci ba irin canja fulogi ba ne. Sai an sauke giyabos gaba ɗaya, a mota mai ja da gaba har sai an zare shaf. Aikin yini ne, wani lokaci a kwana. Bakanike mai tsoron Allah zai ce tunda an buɗe a canja ukun tare, filet da faifan matsi da boris ɗin da ke tura shi, domin idan aka bar ɗaya tsoho shi zai sa a sake saukewa. Idan zafi ya yi yawa har filawil ya yi tabo shuɗi ko ya tsattsage, shi ma ya shiga lissafi. Kayan nan kuma daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su kafin su iso Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023, ya haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ya taɓa 1,000. Mai motar da da kyar yake zuba mata mai, shi ne za a bar wa sayen kuloci saboda bidiyon daƙiƙa talatin.

Da kuɗi ne kaɗai da da sauƙi. A birni mota ta mutum ɗaya ce. A gari irin Birchi motar mutum ɗaya ta unguwa ce. Ita ce ake bugawa ƙofa da ƙarfe biyun dare idan haihuwa ta zo da gardama, a nufi asibitin Kurfi ko Dutsin-Ma, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Katsina. Ita ke ɗaukar wanda maciji ya sara a gona. Ita ke kai gawa. Kuma duk mun san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, mu da muke maƙwabtaka da Safana da Batsari da dajin Rugu. Akwai wuraren da babu direban da ke son ya tsaya ko fitsari ne bayan faɗuwar rana. Taya idan ta fashe, minti goma an canja. Batir idan ya mutu, a tura ta tashi. Kulocin da ya ƙone kuwa babu dabarar bakin hanya da ke tashinsa. Inji lafiya lau, mai cike da tanki, fitila na haske, amma mota ta zama ɗaki. Wanda ya ci rabin fatar nan ranar Asabar yana can yana barci, bai ma san da shi aka yi wannan tsayuwar ba.

Kada a ce mun tasa matasa gaba mun bar manya. Idan za a auna fatar kulocin da ake ƙonawa a yankin nan a shekara, ta 'yan biki ba za ta kama ƙafar ta 'yan tasha ba. Golf 3 babu kowa a ciki nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma mutum biyar aka yi ta domin su. Ranar kasuwa mukan ga mutum takwas a ciki, but a buɗe an ɗaure buhu uku na masara, wani lokaci da akuya a sama. Mutum takwas sun haura kilo 500, buhu uku kilo 300. An kusa ninka motar. Sannan direban, don ƙyuyar canja giya ko don wai yana tsimin mai, ya tashi da lamba biyu. Ya tsaya ɗaukar fasinja a kan hawa, maimakon ya ja birkin hannu sai ya riƙe motar da rabin kuloci yana ciniki da mai kaya. Ya miƙe hanya ƙafarsa ta hagu na kwance a kan feda kamar matashin kai. Kowane tudun rage gudu da jama'a suka gina a bakin gari, kowane shingen jami'an tsaro, wani sabon tashi ne da wannan lodin. Shi wannan ba don burgewa yake yi ba, neman abinci ne, kuma mun san balas da mai mota ke jira da kuɗin tasha ba su barin mutum ya ɗauki huɗu ya tafi. Amma kuloci bai san niyya ba. Bambancin kawai shi ne shi direban haya yakan ji a aljihunsa, ko ba jima ko ba daɗe.

Sai kuma kayan gyaran kansu. Mai mota ya je shago a nuna masa kala uku: sabo na kamfani, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da wani sabo mai kyan kwali wanda ba a san mahaifarsa ba. Aljihu ya zaɓi na ukun, ko a kai tsohon a sake buga masa fata da ƙusa. Wata huɗu a dawo. Kuɗin aikin sauke giyabos kuwa ɗaya ne ko wanne aka saka, don haka mai arahar nan sau biyu ake biyansa. Akwai kuma masu cewa a nemo musu na tsere, wai ya fi ƙarfi. Ya fi jure zafi, haka ne, domin fatarsa da garin ƙarfe ake haɗa ta. Amma kamunsa babu lallashi, yana fizgar mota a cikin gari, kuma maimakon shi ya ci, filawil yake ci. Wani abin da ke damunmu a gefe: yaran gareji da ke hure baƙar ƙurar cikin kaskon kuloci da baki. Tsofaffin fatu da wasu masu araha akwai asbesto a cikinsu, sinadarin da Tarayyar Turai ta haramta gaba ɗaya tun 2005 saboda cutar huhu da yake jawowa bayan shekaru. Tsumma mai danshi ya wadatar, iyayen gidansu su riƙa faɗa musu.

To mene ne abin yi game da wasan? Mun san wasu a zauren nan za su ce a hana kawai, a kama, a ci tara. Muna tare da su a kan abu ɗaya: wasa da mota a kan titi, a tsakiyar yara da 'yan kallo, babu wani uzuri a cikinsa, kuma wannan aikin 'yan sanda ne da jami'an Road Safety da KASSAROTA, da masu unguwanni tun kafin a kai ga hukuma. An yi jana'iza a garuruwa da dama a Arewa saboda wannan, ranar da ya kamata a ce ta farin ciki ce. Amma tara ita kaɗai ba ta kashe sha'awa. Saudiyya ta yi shekaru tana fama da nata, wanda suke kira tafhiɗ. A 2016 ta ɗaga tarar zuwa riyal 20,000 a karon farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, ga kuma tsare mota. Duk da haka ba ta tsaya a nan ba, ta buɗe ƙofa ga wasannin mota na hukuma, har ta karɓi gasar Dakar daga 2020 da Formula 1 a Jidda daga 2021. A Afirka ta Kudu, juya mota da ya taso daga unguwanni irin su Soweto da BMW 325i, wanda a da ake dangantawa da 'yan daba, yau wasa ne mai rajista, da fili da shinge da tikiti.

Ba muna cewa gobe a gina filin tsere a Kurfi ba, muna da buƙatun da suka fi wannan gaggawa. Abin da muke ɗauka daga can ƙa'ida ce guda: mai wasa shi ke da mota, shi ke da gyara, kuma nesa da mutane. Saurayin da ke jin yana da hannu, ya haɗa kai da abokansa su sayi gwanjon da ba ta ɗaukar kowa, su koyi kwance ta da ɗaure ta. A cikinsu ma a iya samun makanikan gobe, domin wanda ya sauke giyabos da hannunsa sau ɗaya, ya kwanta a ƙasa baƙin mai na ɗiga masa a fuska, ba sai an yi masa wa'azin jan ƙafa ba. Idan wannan ya yi tsada, to wasan ne ya fi ƙarfinmu, ba wai kawu ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa ba.

Iyayen ango su ma da nasu. Yadda ake zama a tsara abinci da rumfa da masu kai amarya, a tsara motoci: wace mota, wa zai tuƙa, daga ina zuwa ina. Mai ba da aro ya daina jin kunyar cewa ga motar amma ga direbana. Wanda ya ji haushin wannan sharaɗin, dama ba kai amarya ne ya kawo shi ba.

Ga wanda kuma ya riga ya bayar aka dawo masa da ita, akwai abin da zai iya dubawa da kansa tun kafin hanya ta duba masa. Ya sunkuya ya shinshina wajen inji, ƙauri yakan kwana. Ya lura da inda kuloci ke kamawa: idan da a tsakiya ne yanzu sai ƙafa ta kusa barin feda, an ci wani abu. Ya hau kwalta ya sa lamba huɗu a gudu kaɗan, ya danna totur sosai. Idan allurar inji ta yi tsalle gudun mota bai bi ta ba, zamewa ce. Makanikai suna da wani gwajin: a ja birkin hannu, a sa lamba uku, a saki kuloci a hankali. Mai lafiya zai kashe inji nan take, wanda ya gaji zai bar shi yana juyawa. Sau ɗaya ake yi, domin gwajin ma ci yake yi. Idan aka ga alama, a kira wanda ya ara tun abin yana sabo, a tafi garejin tare, ya tsaya a buɗe a gabansa.

Makanikai da direbobin da ke cikin zauren nan, musamman na layin Katsina zuwa Dutsin-Ma, muna son ku faɗa mana a ƙasa: wata nawa kuloci yake yi muku a Golf da Sharon, kuma wane iri kuke sakawa?